Tafin Hannun Baba Purvis

"Ka tafi abinka, Lonzo! Kai Chicago ta kira, ba ni ba."

"Haba Ozella, sanyin idona... faifai za su naɗa min fa! Mu ɗaura aure, mu hau jirgin Asabar."

"In bar Baba da wa?"

Ni da na shekara talatin a bakin zarto a dajin Texas na fito da yatsuna goma cif, ina gaya muku ba a yi makaɗin fiyano irin Lonzo ba. Hannun damansa kukan kiɗan buluz na baƙaƙen Amurka yake, na hagu kuwa kiɗan rawa na bugi-wugi yake zubawa kamar jirgin ƙasa ya taho. Amma Ozella na da dalilinta. Ƙarar zarto ta cinye kunnen mahaifinta, Baba Purvis, tun tana ƙarama, ita ce kunnensa, ita ce mai gasa masa burodin masara.

Kwana uku tana kuka a ɓoye. Tsoho kurma ne, amma ido garau. Ranar Laraba da rana tsaka ya ɗauki sanda ya nufi rumfar rawa inda Lonzo ke kiɗa, Ozella na binsa a guje.

Suka tarar da Lonzo shi kaɗai, yana dukan fiyano don huce takaici.

"Kai, ɗan iska mai hannun mata!" Baba ya daka tsawa. "Kai ke sa min 'ya kuka?"

Lonzo bai ji ba, ya yi nisa. Tsoho ya fusata, ya ɗaga hannu ya maka wa murfin fiyanon don ya tsai da shi.

Hannun ya zauna a wurin.

Katakon yana rawa a ƙarƙashin tafinsa, dum-da-dum-da, yana hawa dantse har ƙirji. Ozella ta ga ƙafar Baba ta fara buga ƙasa. Shekara goma sha biyar rabon da kiɗa ya shiga jikinsa.

"Baba..." ta faɗa, hawaye na zuba.

Sai lokacin Lonzo ya ɗago, ya zabura ya cire hula. "Ranka ya daɗe, wallahi ni..."

"Ba ya jin ka, sakarai!" in ji Ozella, tana dariya tana kuka.

Baba ya dube ta. "Ina zai kai ki?"

Ta matso, ta motsa leɓe a hankali yadda ya saba karantawa. "Ba zan je ba, Baba."

"Garin nake tambaya. Akwai irin akwatin nan a can?"

Ta gyaɗa kai.

"To ki sa min rigar sanyi a kaya, da ni za a tafi. Limamin cocinmu zai ɗaura auren kafin Asabar." Ya mayar da tafinsa kan katakon, ya zungure Lonzo da sanda. "Kai kuma, suruki, wa ya ce ka tsaya?"