Jatau Ba Ya Wuce Babba

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani yaro Jatau, mai gudu kamar an harba kibiya. Kawu Dogara, mai koya wa yaran garin tsere, ya koya masa tashi da ƙarfi da wurga hannu, duk ya iya. Abu ɗaya ne ya gagara: Jatau ba ya wuce babba bai durƙusa ba.

Ana cikin tsere, da ya hango dattijo sai ya tsaya cak: "Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?" Kafin a kai ga lafiyar shanu, an gama tseren.

Kawu ya ce, "Gobe za mu kara da yaran ƙetaren rafi. Ka sake durƙusawa a hanya, na cire ka."

Jatau ya ce, "Kawu, in wuce mutane kamar akuya?"

Washegari da sassafe Kawu ya zaga da shi, Jatau ya gaida 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, har gwiwarsa ta yi fari. Mutum ɗaya aka hana shi gaisarwa, kakarsa Iya Tabawa, wadda Kawu ya zaunar can bayan igiyar ƙarshe.

Aka busa usur. Jatau ya hango kakarsa. Ga rana ta take, bai gaida Iya ba. Ya zuba a guje, ya tsinke igiya, ya zube gabanta yana haki.

Gari ya ɗauki sowa. Iya ta dafa kansa ta ce, "Maigida, wa ya koro ka haka? Ai da ka taho a hankali, ba inda za ni."