Bi Tayata, Koro

Ranar da Korotimi ta fara zuwa atisayen keke a Wagadugu, cen ɗin kekenta ya zame tun ba a yi nisa ba. Wani dogon saurayi ya tsaya, ya tambayi sunanta.

"Korotimi Pare."

"Pare? Ashe Samo ce! Baiwata, matsa in gyara, me kuka sani ban da jaki?"

"Bamose ne ai, shi ya sa. Durƙusa ka yi wa uwargijiyarka aiki."

Tasere ke nan. Mosi da Samo abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba mai fushi da wani. Daga wannan tsiya soyayya ta kama su.

Tseren da suke wa atisaye na kwana huɗu ne zuwa Bobo, don taimakon masu sankarar mama, ciwon da ya kashe mahaifiyar Korotimi. Abin da Tasere bai sani ba, ita ma ta taɓa wani ƙullutu a ƙirjinta, har asibiti sun ɗebi samfur. Tsoro ya hana ta faɗa, don mahaifiyarsa Pogbi ta riga ta ce ɗanta ba zai ɗauko mata daga gidan masu wannan ciwo ba.

A rana ta biyu, suna hutawa a Boromo, saƙo ya shigo mata daga asibiti: "Sakamakonki ya fito. Ki zo ranar Litinin tare da wani naki."

Ta miƙa wa Tasere wayar. Ya karanta sau biyu, ya nufi wajen Ajara, gwanar tawagar, wadda kowa ya san tana sonsa.

Washegari iska ta taso musu ta gaba. Tasere ya shige gabanta, Ajara na gefensa, ko waiwaye bai yi ba. Wuni guda Koro tana kallon bayansu, tana taka feda tana kuka. Ga tsoron mutuwa, ga shi tun tana raye an maye gurbinta. Da manyan motoci suka riƙa wucewa suna girgiza ta, har ta ji ko ta faɗi ba ta damu ba.

A zango ta tura masa saƙo: "Na gane. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amsa ta zo nan take: "Koro tawa, wa ya tare miki iska yau? Na roƙi Ajara mu yi miki katanga. Ba na iya kallonki ne, kada ki ga ina kuka. Gobe ki bi tayata."

Sai a lokacin ta lura ƙafafunta ba su gaji kamar jiya ba. Kunya ta rufe ta.

Sun isa Bobo. Ranar Litinin shi ya raka ta. Ciwon ne, amma an kama shi da wuri. Aka yi aiki, aka cire mama ɗaya. Pogbi ta ƙara kafewa.

Sai Tanti Minata, ƙanwar uban Koro, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan su Tasere. Ta haye kan turmin Pogbi ta zauna daram.

"Baiwa, yau ba a daka a gidan nan."

"Tashi, mayya, 'yan Samo ba ku da kunya!"

"Ba inda za ni. Me kike tsoro?"

Pogbi ta ce, "Kada ɗana ya binne mata da ƙuruciyarsa."

Minata ta kama hannun Pogbi ta ɗora a kan nata ƙirjin na hagu. Shafe yake.

"Shekara goma sha biyu ke nan. Kin ga na yi kama da gawa?"

Ba a korar abokin wasa, ba a kuma mayar da roƙonsa. Pogbi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da ƙwaryar zomkom, ruwan garin geron da ake tarbar baƙo da shi, idonta jawur.

"Sha, ki sauka min daga turmi. Ki ce wa 'yata ta zo."

Bayan wata takwas aka ɗaura aure, gashin Koro ya fara tsirowa. Tawagar duka ta rako amarya a kan kekuna, Ajara na gaba tana buga ƙararrawa. Har yanzu duk wata uku Koro na komawa gwaji, kuma gabanta na faɗuwa. A bakin ƙofar asibitin Tasere yakan shige gabanta.

"Bi tayata, baiwata."

Allah ya ba su lafiya da tsawon rai tare.