Sawun Taya a Shingen Ƙwan Kunkuru

Sufeto Rosmadi ya tarar da tsohon a bayan kanta, zaune a kan benci, ƙafa ba takalmi, rairayi har gwiwa. Pak Deris ne (Pak muke ce wa dattijo a nan), mai gadin shingen da ake binne ƙwan kunkurun teku a bakin ruwan ƙauyenmu, don kada guza da mutane su tone kafin a ƙyanƙyashe. Jami'in da ke kula da shingen ne ya taso ƙeyarsa zuwa caji ofis, ya ce an kwashe ramukan kusan duka.

"Ba sai an wahala ba, Tuan," in ji jami'in, wato yallaɓai ke nan a wajenmu. "Mabuɗi a hannunsa yake, kuma kowa ya san da sayar da ƙwan nan ya girma kafin doka ta hana."

"Na sayar, ban musa ba," in ji Pak Deris. "Amma tun da na karɓi gadin nan, wallahi ko ɗaya bai shiga bakina ba. Masallaci na tafi da asuba, na dawo na tarar da aika-aikar."

Tsoho ne mai ciwon suga. Idan ba a sami wani ɓarawon ba, gobe kotu za a kai shi, kuma duk wanda ya dube shi ya san ba zai fito daga gidan yari da ƙafarsa ba. Rosmadi ya sa a ba shi shayi, ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Selvi suka fita.

Abin da suka gani a shingen bai da kyan gani. An datse waya ta baya, an sassare ramukan da shebur, ƙwan da ya fashe ya yi kaca-kaca, ƙudaje sun yi masa baƙi. Ƙarni kuwa sai da Selvi ta toshe hanci da hankici.

"Mai mabuɗi ya datse waya?" in ji ta. "Wannan ai wahalar da kai ne."

Rosmadi ƙasa yake kallo. Daga inda aka datse wayar, wasu siraran layuka biyu sun miƙe a kan jiƙaƙƙen rairayi, sun nutse sosai, alamar an ja abu mai nauyi a kan ƙananan tayoyi. Suka bi su har ƙarƙashin itatuwan bakin teku, inda sawun ya hau kwalta ya ɓace. A nan masu tirela suka yi zango.

Mu nan gaɓar gabas mun saba da su. Da an yi hutu za su kwararo daga Kuala Lumpur, kowace mota tana jan tirela, wato ɗakin kwana mai taya, su bi bakin teku suna ɗaukar hoton fitowar rana, sannan su haye duwatsu shan sanyi. Mu kuma su bar mana leda da ƙashin kaza da ƙunzugun jarirai a gindin kowace bishiya. Na ranar ma ba su sauya hali ba, tir. Sufeto sai da ya tsallake wata kwatar ruwan wanke-wanke kafin ya kai ga shugabansu.

Datuk Shahrom yana kwance a kujerar shan iska, ɗan kwangila ne mai tumbi da agogon zinare, Datuk ɗin kuwa sarautar girmamawa ce da ake ba manya a nan. Bai tashi ba.

"Sufeto, ka yi sauri ka yi tambayarka. Da azahar za mu kama hanyar dutse, an tanadar mana wuri a gonar shayi."

"Datuk, wani daga cikinku ya je wajen shingen ƙwai da asuba?"

"Mu? Barci muke yi, ƙanena. Ga tirelata nan, shiga ka duba. Daga Turai aka kawo ta, ka cire takalmi dai. Banɗakinta kaɗai ya fi falon wani tsabta."

Suka duba. Firji, kabad, ƙarƙashin gado, babu komai sai kayan gwangwani. Sauran ma suka buɗe nasu suna gunaguni. Rosmadi ya sa aka fito da akwatunan tufafi ya gwada tayoyinsu da hoton sawun da ya ɗauka a waya, babu wanda ya yi daidai.

Selvi ce ta sa safar hannu ta shiga tonon buhun shararsu, tana yi tana kau da fuska. Can ƙasa, a cikin ragowar shinkafa da miyar kifi, ta zaro wasu fararen ɓawo masu laushi, duk an yage bakinsu an tsotse. Duk ɗan gaɓar nan ya san su. Ƙwan kunkuru ko an dafa shi farinsa ba ya daskarewa, sai dai a yage a zuƙe.

Ta zube su a kan teburin Datuk. 

"To," in ji Datuk, yana gyara zama. "Mun ci da safen nan, kaɗan ne. Tsohon nan mai gadi ne ya kawo mana a leda, ya ce nasa ne. Mu baƙi ne, ina za mu san na sata ne?"

"Ɗazu ka ce barci kuke yi."

"Na so in rufa wa talaka asiri ne. Laifi ne? Tambayi Cikgu."

Cikgu Sabri, wato Malam Sabri, tsohon shugaban makaranta ne, mai furfura da tabarau, irin mutumin da in ya yi shaida alƙali ba ya sake tambaya. Ya dubi Datuk, ya dubi ƙasa.

"Haka ne, Tuan. Na gan shi da idona. Ɗan tsamurmurin tsoho, da baƙar hula."

Wasu biyu suka gyaɗa kai. Rosmadi ya dube su. Ƙarya suke yi, ya sani, domin Pak Deris farar hula ce a kansa tun da aka san shi, amma launin hula ba zai ceci mutum daga shaidar manya har huɗu ba. Kuma abin da suka ci bai kai cikin kwano biyu ba. Ina sauran ƙwan?

Ya ja gefe ya kunna sigari, don ya kashe warin da ya liƙe masa a hanci. Bai kai rabi ba Selvi ta dawo daga wanke hannu, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Tuan, zo ka ga abin mamaki."

A ƙarshen zangon akwai banɗakin haya, wanda mu kanmu sai ta kama dole muke shiga. Ƙofa a ɓalle, ƙasa a jiƙe, wari tun daga nesa yake marin mutum. A bakinsa wata mata ke bin layi, cikin doguwar riga mai tsada, ta danne hanci da gefen mayafi, tana tsaye a kan yatsun ƙafa kada takalminta ya taɓa ruwan. Datin Marlia ce, matar Datuk.

"Datin, ke da kike da banɗakin Turai, me ya kawo ki nan?" in ji Selvi.

"Ƙanwata, bar ni da takaici! Tun jiya da yamma ya kafa mini doka, wai kada in kuskura in shiga namu. Wai ya lalace. Abin da aka saya wata biyu da suka wuce! Dubi inda mutumin nan ya sa nake tsugunawa."

Rosmadi yana jin ta, amma idonsa yana bayan ginin. Al'adar masu tirela ce, kafin su kama hanya kowane magidanci ya zubar da kayan cikinsa. A ƙarƙashin banɗakin kowace tirela akwai jarkar tara ba-haya da ake zarowa ta wata 'yar ƙofa daga waje, a kai ta ramin zubarwa a juye, domin ba mai son hawa kwane-kwanen hanyar dutse da cikakkiyar jarka tana tumbatsa a bayansa. Ga su nan kuwa sun jeru, likita da lauya da ɗan kasuwa, kowa ya kau da kai yana jan tasa da mariƙi kamar akwatin matafiyi. Kowace jarka tana da ƙananan tayoyi biyu.

Ya tsuguna ya dubi layukan da suka bari a kan laka, ya dubi hoton da ke wayarsa. Sannan ya bi layin mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana nan har Cikgu Sabri, ban da shugabansu.

"Selvi, buga ofis. Su kawo mini Pak Deris nan yanzu."

Lokacin da suka koma, Datuk ya riga ya sa an ɗaura tirelarsa a bayan mota, yana ta daka wa mutane tsawa su yi sauri.

"Datuk, kowa ya zubar da jarkarsa. Kai fa?"

"Tawa babu komai a ciki."

"To buɗe mu gani."

"Kai, Sufeto! Masai fa? Aikin naka har ya kai ga leƙa kashin mutane? Cike take fal, in ka buɗe sai ka kwana uku ba ka ci abinci ba."

"Yanzu ka ce babu komai a ciki."

Datuk ya fara lalubar waya, yana ambaton sunayen manyan da ya sani. Datin ce ta fizgi mabuɗin daga aljihun rigarsa ta miƙa wa Selvi. Ita dai so take ta ga wannan lalacewar da ta kai ta banɗakin haya.

Jarkar ta fito da ƙyar saboda nauyi, rairayin teku maƙale a tayoyinta. Rosmadi ya sa aka shimfiɗa tamfol, ya zame murfin saman, ya karkata ta. Wari ne ya fara fitowa, na tsohon ba-haya gauraye da shuɗin maganin da suke zubawa, har na bayan layi suka ja da baya. Sai ƙwai ya biyo, fari ƙal, yana gangarowa da yawa, wasu da ɗigon shuɗi, wasu da abin da ba sai na faɗa ba. Kai jama'a, ƙazanta dai ba ta wuce wannan.

Cikgu Sabri ya matso.

"Datuk... wanda muka sha da safe, daga ina ka ɗebo shi?"

"Na ɗauraye jarkar da ruwan teku, Cikgu. Har sau biyu."

Cikgu bai kai gindin bishiya ba ya fara kelaya amai. Matar likitan ta bi bayansa, lauyan ya durƙusa a jikin tayar motarsa yana kakari. Wata tana ihu a miƙo mata ruwan kurkure baki, wata tana zagin mijinta da ya ce ta ƙara na uku.

"Ban ga tsohon ba!" in ji Cikgu, yana goge baki da hannun riga. "Tuan, rubuta, ban taɓa ganinsa ba. Datuk ne ya kawo ƙwan a tukunya, da kuka iso ya ce mu ce mai gadi ne. Mun ji kunyar musa masa, shugabanmu ne."

Rosmadi ya juya ga Datuk. "Sauran fa, ina za ka kai?"

Girman kan ya zube. Ya zauna a kan matakin tirelar ya faɗi komai. Akwai wani babba da ke hutu a kan dutsen, mai son ƙwan kunkuru kamar ransa, shi kuma kwangila yake nema a hannunsa. Ya yi ta kallon tsohon kwana biyu har ya gane lokacin da yake tafiya masallaci. Jarkar kuwa, a duk shingayen binciken da ke hanya ba a taɓa samun ɗan sandan da ya ce a buɗe ta ba.

"Ba a taɓa ba?" in ji Rosmadi. "Ke nan ba yau ka fara ba."

Datuk ya sunkuyar da kai yana murza agogonsa.

"Bara ma da muka ci a kan dutse, a jarkar tsohuwar tirelarmu ka kai shi?" in ji Datin, da ƙaramar murya. Da ya kau da fuska, ita ma ta ruga bayan tirela da hannu a baki.

Ana cikin haka motar ofis ta iso da Pak Deris. Bai kalli kowa ba, tamfol ɗin ya nufa. Ya durƙusa ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya goge shi da gefen zanin da ya ɗaura irin na mazanmu, ya juya shi a tafin hannu, ya mayar a hankali. Jijjigar da maganin sun gama da su, ba sai an tambaye shi ba. Hawaye suka bi kumatunsa, ya bar su.

"Pak, an wanke ka," in ji Rosmadi. "Ka tafi gida."

Selvi ta danna wa Datuk ankwa. Ya roƙa a rufa masa tawul a hannu saboda masu ɗaukar hoto, Rosmadi ya ce babu tawul. Ya kuma gaya wa shaidun su kwance tirelolinsu, ba mai hawa dutse yau, kowa zai biyo shi ofis ya maimaita abin da ya ce ya gani.

Cikgu Sabri ya lallaɓo wajen tsohon, ya miƙa hannu biyu yana sunkuyar da kai.

"Pak, ka yafe mini. Kuskure ne."

Pak Deris ya dubi hannun, ya mayar da nasa baya.

"Cikgu, ƙwan da ka sha ai ka amayar da shi, cikinka ya huta. Ƙaryar da ka yi mini fa, da ta kai ni kurkuku in mutu a can, ita ta ina za ta fita?"

Cikgu ya tsaya da hannu a miƙe. Selvi ta tura Datuk bayan mota ta rufe ƙofa, ta sauke gilasai duka huɗu saboda wari kafin su tashi.