Ɗigo Ɗaya daga Tabkin Bayan Gonaki

Malam Rufa'i, malaminmu na Bayoloji, ya ce gobe kowa ya zo da ruwan tabki, za mu duba ƙananan halittu a madubin gwaji. Wanda bai kawo ba, babu shi babu maki. Ni kuwa darasin nan kaɗai ya tsaya tsakanina da makarantar jinya.

Ban baro gonar albasa ba sai da rana ta faɗi. Na suri kwalba na nufi tabkin bayan gonakinmu na Sabiyal. Kowa ya san ba a ɗiban ruwansa da almuru sai an yi wa mutanen ɓoye sallama, an mayar da ɗiban farko. Ni Salima 'yar boko, wai na fi ƙarfin wannan. Na cika kwalbata na toshe.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya. Ƙamshin turaren wuta ya biyo ni har gida.

Washegari a aji na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, na kafa idon dama a madubin. Ga amiba tana malala, ga wasu masu gashi-gashi suna juyi. Sai duk suka ja gefe.

A tsakiya, mace ce zaune da goyo.

Ta ɗago kai.

"Ɗiyar nan," na ji can cikin kunnena, "kin raba mu da gida. Maishe mu."

"Malam," na raɗa, "don Allah zo ka gani."

Ya leƙa, ya yi tsaki. "Datti ne. Motsinsu ke ruɗa ki."

Ya ɗauko shuɗin maganin da ke kashe su don a ji daɗin zane. Kafin in buɗe baki, ya ɗiga.

Jaririn ya tsala kuka.

Kukan ya yanke.

Idona ya ɗauki zafi kamar an watsa barkono. Na fizgi kwalbar na fita ba takalmi. Na juye ta a tabkin, na yi sallama har muryata ta dushe. Ba wanda ya amsa.

Wallahi har yau abin na ci mini rai. Hannun da ya ɗiga maganin, lafiyarsa lau; ni da na gan su aka kama.

Darasin dai na ci shi. Ranar tantancewa a makarantar jinya, likita ya haska idon nan, ya sake haskawa, ya turo mini takarduna.

"Wannan ai ba ya gani, baiwar Allah. Wa ke biye?"