Gawa a Giɓin Katangar Teku

Sufeto Tekarei ba ta kai ga kurɓar shayinta ba aka bugo waya cewa an tsinci gawa a unguwar bayan tsohon rumbun kwakwa. Ta ajiye kofin, ta ce wa Kofur Taomati ya tayar da mota.

Titi ɗaya ne a tsibirin Tarawa ta Kudu, teku a dama, teku a hagu, kowa kuma a kansa yake. Kofur yana danna hon yana mita, ita kuwa ruwan take kallo. Jibi wata zai cika, lokacin da teku ke tumbatsa, kuma tun yanzu kumfa ta fara lasar gefen kwalta.

Gawar Baba Kaotira ce, dattijon unguwar. Yana kwance a gindin katangar duwatsun da mutane suka haɗu suka gina don tare teku, ƙeyarsa a fashe. Daidai inda yake babu katanga. An kwashe duwatsun, an bar giɓin da mota za ta iya wucewa. Bayan giɓin kuma ga rijiyar unguwa, ita kaɗai ta rage ba ta yi zartsi ba.

Ba wanda ke kuka da ƙarfi. Mutane su kalli gawar, su kalli giɓin, su kalli rijiyar.

Sufeto ta durƙusa. A kan jiƙaƙƙen yashi akwai sawun taya guda ɗaya, ta baro. Da asuba teku ta janye, ke nan da asuba aka yi aikin.

Kofur, da ya je jin ta bakin mutane, ya dawo da sauri yana haki. Ya ce samari sun riga sun gano baron a bayan ɗakin wani Tiaon, da jini a bakinsa, kuma sun kewaye ɗakin.

Tiaon baƙo ne daga tsibiran kudu. Bara ya zo da iyalinsa saboda 'yarsa mai ciwon ƙirji ta kusanci asibiti. A Tarawa ko wurin shimfiɗa tabarma sai wanda ya san wani, don haka ya kafa ɗakin kwano a gefen filin Baraniko, ɗan ƙanen marigayin.

Da ƙyar suka kutsa. Ana ta gunagunin cewa baƙi sun cika ƙasa, sun shanye ruwa, yanzu kuma sun fara kisa. Wani saurayi yana riƙe da adda, wani da galan ɗin kananzir. Sufeto ta daɗe tana kallon galan ɗin. Ba ta da bindiga, ba ta da kowa sai Kofur. Ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta shiga.

Tiaon na tsugune a lungu. Matarsa Nei Aroita ta rungume yarinyar, wadda numfashinta ke fita da ƙara.

"Baron naka ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Ina ka ajiye shi jiya?"

"Waje na bar shi, aka sace."

Sufeto ta leƙa. A jikin turken ɗakin akwai sarƙar ɗaure baro, kwaɗonta a buɗe, ba a ɓalle ba. Makullin kuma yana rataye a wuyan Tiaon.

"Wato ɓarawon ya shigo, ya cire makulli a wuyanka, ya buɗe, ya mayar maka? Mai ladabi ne."

Tiaon ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta motsa baki, a hankali, ta ce, "Bubuti ne."

Ya harare ta.

Sufeto ta gane. Wanda aka yi wa bubuti ba ya cewa a'a, ko rigar jikinsa aka roƙa, kuma ba ya yawo da sunan mai roƙon. Ta lallashe shi, ta tsorata shi, ta nuna masa cewa ɗakin nan da yarinyar nan ba za su kai yamma ba idan bai yi magana ba. Duk da haka bai faɗi suna ba.

Tana fitowa Baraniko ya tare ta. Ƙato ne, idanunsa sun yi ja, muryarsa ta fi ta kowa tashi a taron. Ya ce ba sai ta wahala ba, shi da idonsa ya gani. Da asuba yana saman kwakwarsa yana yankan karewe, ruwan zaƙin da ake tara daga furen kwakwa, kamar kullum, sai ya hango Tiaon yana tura baro cike da duwatsu.

"Wace kwakwar?"

Ya nuna wata doguwa da ta sunkuyo a kan rijiya. Can sama ana hango kwalabe biyu rataye a bakin furen, suna tarar ruwan da ke ɗiga.

"Ka ga lokacin da ya bugi baffanka?"

"Ban ga wannan ba. Amma wa zai yi in ba shi ba?"

Taron ya ɗauki hayaniya. Sufeto ta ɗaga murya ta ce kowa ya tafi maneaba, zauren taron unguwa, a can za a yi magana gaban dattawa yadda aka saba. Suka ja da baya ba don sun so ba. Mai galan ɗin bai ajiye shi ba.

Ita kuwa ta nufi rijiya, wai za ta wanke hannu.

Mata suna ta cika bokitai da robobi da duk abin da zai riƙe ruwa, don ba wadda ta san ɗanɗanon rijiyar jibi. Wata tsohuwa, Nei Bwenata, ta zuba mata ruwa a hannu tana ƙare mata kallo.

"'Yar nan, wandon nan ba ya matse ki? Shi ya sa har yau ba miji."

Matan suka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Sufeto ta tambaye ta ko ta zo rijiya da asuba. Tsohuwar ta ce ita ce ta fari, da ita da surukanta biyu, matan 'ya'yanta. Ba su ji komai ba saboda ƙugin teku, ba su ga komai ba saboda shingen ganyen da ake wanka a bayansa.

"Kaico, ashe Kaotira na can kwance," in ji ta. "Ni kuwa ina nan ina jin daɗi, na tuɓe na cuɗa bayana son raina. Rabona da irin wannan wanka na manta. Kullum kina fara zuba ruwa sai kwaɗon nan ya fara kuka a sama, ki ja zani ki gudu."

"Wane kwaɗo, Inna?"

"Baraniko mana. Muryarsa ko alade ba ya jurewa."

"Yau bai yi waƙa ba?"

"Da ya yi, da na tuɓe?"

Sufeto ta ɗaga kai ta kalli kwakwar. Daga can sama babu abin da shingen ganye zai ɓoye. Shi ya sa duk mai yankan karewe yake waƙa tun daga gindi har ya sauko, don matan da ke ƙasa su rufe jikinsu. Ita ma da wannan waƙar ta girma.

Ta kira Kofur ta ce ya hau ya sauko da kwalaben. Ya ce shi da tumbinsa, a ji tausayin kwakwar. Ya dai hau. Kwalaben sun cika sun tumbatsa, kumfa a bakinsu, ƙudaje a kai. Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska, ya ce wannan tun jiya da yamma yake, ya fara zama bammi.

Maneaba ta cika maƙil. Dattawa a gaba, kowa a gurbin gidansu, samari a tsaye a waje. An zaunar da Tiaon a tsakiya shi kaɗai. Sufeto ta sunkuya ta shiga, ta nemi izinin magana, sannan ta juya ga Baraniko.

"Ka ce da asuba kana saman kwakwar rijiya."

"Na faɗa, na kuma faɗa."

"Inna Bwenata da surukanta biyu suna wanka a ƙasa a lokacin. Ba su ji waƙa ba, don haka ba su rufe jikinsu ba." Ta ɗan dakata. "Ke nan ka hau, ka yi shiru, kana kallo."

'Ya'yan Nei Bwenata maza biyu suka miƙe a hankali daga gurbinsu. Mai addar da ke waje ya juyo da fuskarsa.

Baraniko ya kalli mazan, ya kalli dattawa, ya kalli gefen mata inda matarsa ta rufe fuska da zani.

"Ban hau ba," ya ce. "Ni ba mai leƙen mata ba ne. Ban hau ba yau."

Kofur ya dire kwalaben a kan tabarma. Tsamin ya bi zauren.

"To daga ina ka hango Tiaon?"

Sufeto ta tambayi Tiaon ko har yanzu yana jin nauyin faɗin wanda ya roƙi baronsa. Tiaon ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Gidan Baraniko yana can ƙarshen unguwa, inda katangar ba ta kai ba. Teku ta cinye rabin tsakar gidan. A bakin ƙofa ga kabarin mahaifiyarsa, ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinsa har simintin ya karkace. An kewaye shi da sababbin duwatsu masu danshi da gansakuka, an lulluɓe da ganyen kwakwa.

A nan ya zauna a ƙasa ya faɗi komai. Ya ce a cikar tekun da ta wuce ya ga gefen tabarmar da aka naɗe mahaifiyarsa a ciki. Ya roƙi a ƙara katanga ta iso gidansa, baffansa ya ce rijiya ta fi. Da asuba yana lodi na ƙarshe tsohon ya kama hannun baron, ya ce sai ya mayar. Ya ture shi, sau ɗaya. Da ya ga jini sai ya mayar da baron inda ya aro, don ya san bakin Tiaon ba zai buɗe ba, mutumin da ke kwana a filinsa.

"Idan kuka kwashe su, jibi za ta tafi," ya ce.

Dattawa suka ce a kwashe, a mayar da su giɓin.

Kofur ya sa masa ankwa. Suna tafiya wajen mota suka yi kiciɓis da Tiaon yana turo baronsa, an wanke bakin. Bai ɗago ya kalle su ba. Ya tsaya a gefen kabarin, ya ɗauki dutsen farko, ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya saka a baron.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar ta hau titi. Teku ta fara dawowa ta dama da hagu. Masu karewe sun hau na yamma, waƙa na tashi daga kan kwakwa nan da can. Baraniko ya jingina goshinsa da gilashi yana kallon wadda ta sunkuyo a kan rijiya, har suka sha kwana.