Yatsan da Ya Danna "Na Yarda"

Ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku matso kusa. Ba zan ɗaga murya ba, tsofaffi sun kwanta. Wanda kuma ya san zai kasa fita fitsari daga baya, ya tashi ya je yanzu.

Kun san Zayyanu na ƙarshen layinmu, mai tabon ƙuna a yatsu biyu, wanda ke sayar da caja a tebur. To da can ba haka yake ba. Shi ne gwanin filashin a kasuwar waya ta bayan tasha. Filashin kuwa shi ne a goge manhajar da ke cikin na'ura a zuba mata wata. Akwai kuma abin da suke kira rutin, wato a ɓalle makullin da kamfani ya sa, har mai abu ya iya shiga duk inda aka hana shi. Zayyanu ya iya duka biyun, kuma ya san ya iya, matsalarsa ke nan. In ya ga abu a kulle, hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. Kafin makulli ya ɓalle, na'ura takan yi tambaya a fuskarta: za a goge duk abin da ke ciki, ka yarda? Zayyanu ba ya danna amsar da kansa. Juya wa mai kaya yake yi, ya ce ya sa yatsansa. Ya sha ganin mutum ya dawo washegari yana kumfar baki a kan hotunan bikinsa. Shi ya sa kullum yake cewa wanda ya danna shi ya yarda, ba ruwan mai gyara.

Shi da mahaifiyarsa kaɗai ne a gida, Iya Tabawa. Mata ta yi ta haifa kafin shi, don haka Tanko take kiransa, kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka. Ƙato da gemunsa, amma in bai dawo ba ba ta cin tuwo. Shi ma duk rawar kansa, a gabanta laushi yake yi.

Wata Juma'a ce, da tsakar rana. Kada ku ɗauka sai da dare mutanen ɓoye suke fita. Rana tsaka ma lokacinsu ne, musamman inda mutane suka watse suka bar wuri.

Kowa ya rufe ya tafi masallaci. Maƙwabcinsa Hambali mai canza gilashin waya ya leƙo ya ce ya taho, Zayyanu ya ce ya yi gaba, ga shi nan. Ya riga ya yi alwala, kwaɗon rufe shago ma yana hannunsa. Shagon nasa 'yar kwantena ce, ƙofa ɗaya, ba taga. In mutum ya tsaya a bakin ƙofar, ya toshe ta ke nan.

Sai hasken shagon ya ragu.

Ya ɗaga kai. Wani dogon mutum ne a tsaye, rigarsa na jan ƙasa. Bai yi sallama ba. Ya miƙo tab, irin babbar wayar nan mai faɗin allo, ya ce a ɓalle masa makullinsa a zuba masa sabuwar manhaja. Zayyanu ya ce ya yi haƙuri sai an sauko daga masallaci. Mutumin ya ce ba komai, dama an faɗa masa babu mai iyawa a garin nan.

Kun ga inda aka kama shi. Zayyanu ya ajiye kwaɗon.

Ya ce a ransa kafin liman ya hau mumbari ya gama. Ya karɓi tab ɗin, ya ji shi da sanyi kamar daga randa aka ciro shi. Ya juya bayansa, babu sunan kamfani, babu lamba. Wannan ma sai ya ƙara masa kwaɗayi. Ya jona kebul da kwamfutarsa, sai ya ga bakin cajin ya saki, in ba a riƙe kebul ɗin da yatsu ba sai ya zame. Ya riƙe da hannun dama, ya ci gaba da aiki da hagu.

A nan ne ya fara lura da maganar mutumin. Leɓensa kan gama motsi, ya tsaya, sannan muryar ta iso. Irin yadda ake yi a kiran waya in sabis ba shi da kyau. Zayyanu ya ji wani iri, amma ya ce ko yunwa ce ke wasa da kunnensa.

Tambayar ta fito a fuskar tab ɗin. Ya juya masa.

"Malam, sa yatsanka nan. Ka danna na yarda."

Mutumin ya sa yatsa. Gilashin bai ji shi ba. Ya sake dannawa, shiru. Yatsan dogo ne, ba shi da farce. Can nesa lasifika ta fara huɗuba, Zayyanu ya ji lokaci na ƙwace masa, ya ja tsaki, ya ce wasu hannuwan bushewa ce ke hana su. Ya sa nasa yatsan ya danna.

Mutumin ya yi murmushi. Sai daga baya 'yar dariyar ta iso.

Wani koren layi ya bayyana a fuskar tab ɗin, ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. In wannan layin ya fara tafiya, manhaja ce ke shiga. Amma Zayyanu bai zaɓi komai ba tukuna. Ya duba kwamfuta, ba abin da take aikawa. Ya ce bari ya zare kebul ya sake, sai ya ji yatsunsa biyu sun ƙi buɗuwa. Ya ja hannun. Kamar an haɗa su da kebul ɗin an ɗinke.

"Malam, daga ina abin nan yake shiga?"

"Daga wanda ya yarda."

"Kai ne mai kaya."

"Kai ka danna."

Fuskar tab ɗin ta yi haske, hoto ya fito. Kofin koko ne, da hannu riƙe da shi. Zayyanu ya gane hannun, nasa ne. Kokon da ya sha da safe ne, kamar yadda idonsa ya gan shi. Hoton ya wuce. Ya tambayi kansa me ya karya da shi yau, ya rasa. Ya dubi wayoyin mutane da ke jere a kan tebur, jiya ya san mai kowace, yanzu ko ɗaya bai sani ba.

Nan ya gane. Shi ne manhajar. Abin da ke kansa ake kwashewa ana zubawa, kuma duk abin da ya shiga can, ya fita nan.

Tsoro ya kama shi. Ya buɗe baki zai yi ihu, ya tuna babu kowa a kasuwar. Ya dubi ƙofa, mutumin ya cika ta, ko hasken rana ba ya wucewa ta gefensa. Ya dubi ƙasa, ya ga rigar ta ɗan ɗage. Takalma ne a ajiye a gefe da gefe, tsaf, babu ƙafa a cikinsu.

Ya roƙe shi. Ya ce ya ɗauki kwamfutar, ya ɗauki shagon gaba ɗaya. Mutumin ya ce ba shi da abin yi da su. Ya ce su sun daɗe suna kallon mutane daga waje, ta saman katanga, ta bakin rijiya, sun gaji. Yana son abin da zai riƙa buɗewa a gidansa yana gani daga ciki. Ya faɗi haka ne a hankali, ba fushi, kamar mai cinikin atamfa.

Layin na tafiya. Abokansa suka wuce a gilashin ɗaya bayan ɗaya. Hanyar gida ta wuce, da kwanar mai shayi, da kwatar da ake tsallakawa. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya, ya tarar babu sauran. Ya koma farko, farkon ma ya tafi. Wannan ne ya sa shi kuka, ƙato da shi, hawaye har gemu.

Layin ya wuce rabi. Sai Iya Tabawa ta fito.

Tana zaune a bakin murhu tana fifita wuta. Ta wuce. Ga ta tana ɗaure masa ƙafa ranar da kwalba ta yanke shi. Ta wuce. Mutumin ya matso da kansa kusa da gilashin, ya daina ƙifta ido.

"Wannan nake so," in ji shi. "Mu ba mu da irinta."

Zayyanu ya rufe ido ya riƙe ta da ƙarfi a ransa. Ya riƙa faɗin sunanta. Ya riƙa tuna tsagar da ke kumatunta, da warin daddawa a zanenta, da yadda take tari kafin ta yi magana. Duk wanda ya kamo, shi ake fizgewa. Ashe tunawar da yake yi miƙa musu yake yi. Ya bari, ya ga barin ma bai hana ba.

Abu ɗaya ne bai tafi ba tukuna, sana'arsa. Kuma sana'ar ta san abu guda: in aka yanke kebul layi yana tafiya, na'ura ta mutu. Tun da ya fara aiki bai taɓa kashe kayan mutum ba, da wannan yake taƙama a kasuwa. Ya lalubi teburin da hannun hagu. Almakashi ya yi nisa. Abin da hannunsa ya kai gare shi shi ne ƙarfen soda, wanda ake narka dalma da shi, ya manta bai kashe shi ba, ya yi zafi jawur.

Kebul ɗin gajere ne, kuma mutumin ya ɗora tafinsa a kan sauran. Wurin da ya rage a fili shi ne tsakanin yatsunsa biyu.

Ya manna ƙarfen a nan.

Ba zan faɗa muku warin ba, kun ci abinci. Roba ta narke, fata ta narke, bai ɗaga ba sai da wayar ciki ta tsinke. Yatsunsa suka buɗe. Ya faɗi da baya ya bugi bangon kwantenar.

Koren layin ya tsaya, saura kaɗan ya kai ƙarshe. Tab ɗin ya mutu. Sai ya kawo haske, ya ɗauke, ya sake kawowa, ya ɗauke. Haka na'ura ke yi in an katse ta a tsakiya, ta yi ta ƙoƙarin tashi tana faɗuwa a wuri ɗaya.

Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ɗauki abinsa, ya goge gilashin da hannun riga, ya rungume shi a ƙirji.

"Ka ɓata mini aiki, mai gyara. Amma abin da ya shiga ya ishe ni."

Ya juya. Hasken rana ya faɗo cikin shagon. Zayyanu na kwance yana jin tab ɗin yana nisa cikin layin kasuwa. Duk sanda ya kawo haske, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga ciki, ta yi ɗan tari, ta ce, "Tanko, shigo ciki, rana ta yi zafi." Ya ɗauke. Ya kawo. Ta sake faɗa. Zayyanu ya saurara har muryar ta ɓace, yana mamakin ko wane ne Tanko da ake ta kira bai amsa ba.

Da aka sauko daga masallaci Hambali ya same shi a ƙasa. Zayyanu ya san sunan kansa, ya san shagonsa, amma bai san Hambali ba, bai san hanyar gida ba. Hambali ya kai shi kemis aka ɗaure hannun, ya ɗora shi a babur ya kawo shi unguwa.

Iya Tabawa na zaune a soro, ta rufe kwanon abinci tana jira. Da ta ga bandeji ta miƙe da sauri har kwanon ya kife. Ta kama hannun tana tambayar me ya same shi. Zayyanu ya janye hannunsa a hankali, ya rusuna kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwa a hanya.

"Sannu, Baba. Gidan wa kike nema?"

An yi masa addu'a, an yi rubutu, an kai shi asibiti. Abubuwa da yawa ya sake koyonsu. Ya koma wajen malam ya ɗauki karatu daga farko, ya sake sanin abokansa, hanya ma ƙafarsa ta saba. Ita ce dai ba ta dawo ba. An faɗa masa uwarsa ce, ya yarda, don ba shi da dalilin ƙaryata mutane. Yana yi mata cefane, yana ɗebo mata ruwa, yana gaishe ta safe da yamma da ladabin da ya fi na da. Ni wannan ladabin ne ke ba ni tausayi. Da can gardama yake yi da ita a kan gishirin miya. Yanzu in ta zuba masa tuwo godiya yake yi kamar baƙo.

Ta daina kiransa Tanko, don in ta kira ba ya waiwayowa. Zayyanu take cewa, kamar kowa.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In kasuwa ta watse, ku watse tare da ita, kada ɗayanku ya tsaya shi kaɗai don zai ƙarasa wani aiki. In baƙo ya miƙo muku abu ya ce ku danna masa, ku dubi ƙafarsa tukuna. In kuma wata rana da rana tsaka kun bi ta bayan tasha, kuka ji tsohuwa tana kiran yaro ya shigo ciki, ku ƙara sauri, kada ku tsaya neman ta. Tana gida. Ɗazu da magariba na wuce ta a soro ita kaɗai, da kwano a rufe a gabanta.