Kunnen Dogo

"Idan kika gaya wa Yayanki, kin gama da ni, Auta!"

Dogo ne yake magana, muna tsaye a bayan garejin Baba, sandunan ganga a hannunsa. Na matso kusa da shi.

"Maimaita mini abin da likitan ya ce!"

"Kunnen hagu ya tafi... Na dama ma, in ban bar kiɗa ba, zai bi shi."

Na san halin Yaya sarai. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta kiɗan rok a garejin nan, da gita mai lantarki da lasifikar aro. Babu kamfanin waƙa da ya san da zamanmu, amma in ka ga yadda yake hura hanci sai ka rantse shi ya ƙirƙiro waƙa. Makaɗinmu na farko ya kore shi don ya makara, na biyu don yana taunar cingam ana atisaye. Ni kaɗai na tsira, don ni ke rera waƙa, kuma yana tsoron bakin Umma.

Da Dogo ya zo, sai ya zauna daram a kan ganga. Haka ya zauna a raina, babu wanda ya sani.

"Ranar Asabar za mu fara wasa a gaban jama'a," ya ce a hankali. "Ki bar ni in yi wannan kaɗai, rabin raina. Yayanki ya daɗe yana jiran ranar nan."

"In kuma ka kurumce gaba ɗaya fa?"

"Auta, don Allah..."

Muka koma ciki, muka ci gaba da atisaye. Garejin ƙarami ne, rufin kwano, ƙara tana dukan bango ta dawo mana. Duk lokacin da Dogo ya daki faifan ƙarfen da ke gefen gangarsa, sai in ji kamar ni ake soka wa allura a kunne.

Na waiwaya. Ashe ba sauraronmu yake yi ba, hannun Yaya ya zuba wa ido, da gani yake bin kiɗan. Gumi ya jiƙa masa riga. Can ya karkatar da kai ya cije leɓe don azaba, amma bai daina bugu ba.

Tsoro ya kama ni, na katse waƙar.

"Ku tsaya!" na ƙwalla ihu.

Yaya ya harare ni. "Ke kuma lafiya?"

"Yaya, Dogo kurumcewa yake yi! Likita ya hana shi kiɗa... Ni kuma ina son sa, ba zan iya zuba ido ba!"

Dogo ya yi mini wani irin kallo da har yanzu yake cin raina.

Yaya ya ajiye gita. Ya zare sandunan daga hannun Dogo, ya ce:

"An fasa wasan Asabar. Ashe kashe ka muke yi, ɗan'uwa?"

Dogo ya miƙe, ya ɗaga ƙofar gareji, ya fita.

Na bi shi da gudu ba takalmi, hawaye na zuba.

"Dogo! Masoyina, ka tsaya! Don kai na yi!"

Ya ci gaba da tafiya har ya sha kwana. Har yau ban sani ba, ji ne bai yi ba, ko ya ji ya ƙi juyowa.